Pontiac: yadda aka kashe motar gudun Amurka, da halin da masu riƙe da ita ke ciki

Ranar 27 ga Afrilu 2009, shugaban General Motors (GM) na lokacin, Fritz Henderson, ya sanar cewa kamfanin zai daina ƙera motoci masu sunan Pontiac kafin ƙarshen 2010. Abin da ya ɗaure wa masu son mota kai shi ne lokacin da sanarwar ta zo. A daidai watannin ne G8 GXP ta shiga shagunan dillalai: mota mai ƙofa huɗu, inji mai silinda takwas, lita 6.2, ƙarfin doki 415, wadda masu gwajin motoci suka riƙa jera ta da BMW alhali kuɗinta wajen dala 40,000 ne. Mutane da yawa na ganin Pontiac ba ta taɓa sayar da motar da ta kai ta ba. Guda 1,829 kacal aka yi, aka rufe.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce karayar tattalin arziki ta 2008. Gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba ce. A ganina Pontiac ta daɗe da mutuwa kafin a sanar, kuma wanda ya gane yadda ta mutu ne zai gane dalilin da ya sa a yau riƙe wata Pontiac ɗin ba wahala, riƙe wata kuwa ciwon kai ne.

Pontiac dai ba ta taɓa cin gashin kanta ba. Reshe ce a cikin GM tun da aka ƙirƙiro ta a 1926. Akwai wani kamfanin mota mai suna Oakland a garin Pontiac na jihar Michigan, wanda GM ya saye a 1909. Garin kuwa ya ci sunan wani jagoran ƙabilar Odawa ne, wanda ya yi wa sansanin Turawan Ingila na Detroit ƙawanya a 1763. Shugaban GM, Alfred Sloan, ya tsara motocinsa hawa-hawa: mai ƙaramin ƙarfi ya fara da Chevrolet, in hali ya samu ya matsa gaba, har attajiri ya tsaya a Cadillac. Aka ga akwai giɓi a saman Chevrolet kaɗan, sai aka fito da Pontiac a ƙarƙashin Oakland, mai silinda shida, a kan dala 825. Ta yi kasuwa har ta shafe Oakland ɗin, wadda aka rufe a 1931.

Shekara talatin ta yi tana motar dattawa: ba ta lalacewa, ba ta kuma burge kowa. An san ta da wasu layukan ƙarfe masu walƙiya da suka ratsa bonet tun 1935. A 1956 aka naɗa Semon Knudsen, wanda ake kira Bunkie, ya shugabanci reshen. Abu na farko da ya yi shi ne ya sa aka ɓamɓare layukan nan daga motocin 1957, ana dab da fara ƙera su. Ra'ayinsa shi ne tsoho zai sayi motar saurayi, amma saurayi ba zai sayi motar tsoho ba. Ya ɗauko injiniyoyi biyu, Pete Estes da John DeLorean. A 1959 suka tura tayoyin waje da kusan inci biyar, motar ta zauna daram a ƙasa, suka kuma mai da wannan abin talla. Suka shiga tsere gadan-gadan, har Fireball Roberts ya ci Daytona 500 ta 1962 a cikin Pontiac. Daga shekarar har ƙarshen shekarun 1960 Pontiac ce ta uku a ciniki a Amurka, bayan Chevrolet da Ford.

Sai ga umarni daga sama a farkon 1963 cewa kowane reshe ya fita daga harkar tsere. Kusan rabin motocin da ake sayarwa a Amurka a lokacin na GM ne, manyan kamfanin kuma suna fargabar gwamnati ta ce ya yi girma da yawa ta raba shi. Ba sa son abin da zai ƙara jawo musu ido. Chevrolet za ta rayu ko ba tsere, Pontiac kuwa da shi ta yi suna. Ga kuma wata dokar cikin gida da ta hana sa wa matsakaiciyar mota injin da ya wuce kimanin lita 5.4.

Nan ne wata baiwa ta injin Pontiac ta yi rana, kuma ya kamata a riƙe ta domin za ta sake tasowa. Amurkawa da girman cikin inji suke kiransa, a ma'aunin inci, shi ya sa ake jin 326, 389, 400, 455. Chevrolet da Ford kowanne yana da ƙananan injuna daban, manya daban. Pontiac kuwa gangar inji ɗaya ce: daga 326 har 455 girman waje ɗaya ne, faɗin ramin silinda da nisan tafiyar fistin kawai ake canzawa. Duk inda 326 ya zauna, 389 zai zauna. DeLorean da wasu injiniyoyi biyu, Bill Collins da Russ Gee, suka gwada haka a filin gwajin GM da ke Milford, suka cusa 389 na manyan motoci, mai lita 6.4, a cikin Tempest, matsakaiciyar motar Pontiac marar nauyi.

Saura yadda za a bi da doka. Sabuwar mota sai kwamitin manya ya sa hannu, amma ƙarin kayan da mai saye ke zaɓa reshe ne ke da iko da su. Sai ba a kira ta sabuwar mota ba. Ka sayi Tempest LeMans, ka ƙara dala 296, a ba ka ita da 389 mai ƙarfin doki 325, salansa biyu, taya masu faɗi da ƙafafu masu tauri. In ka ƙara kuɗi a sa maka kafireta uku, ƙarfin ya kai 348. Sunan GTO kuwa daga wata motar tseren Ferrari aka ɗauko shi, ba kunya ba tsoro. Sashen sayarwa ya ce in an sayar da 5,000 an yi ƙoƙari. Aka sayar da 32,450 a 1964. Kafin manya su gama ɓacin rai kuɗi sun fara shigowa, ba kuwa wanda ke korar kuɗi. A 1966, da ta zama mota mai zaman kanta, an sayar da 96,946.

Har da 'yar coge a ciki. Mujallar Car and Driver ta gwada GTO a 1964 ta buga wani gudu da ya girgiza masu karatu. Shekaru da yawa bayan nan mai tallan motar, Jim Wangers, ya amsa cewa motar da aka ba 'yan jarida 421 ne a cikinta ba 389 ba. Tunda gangar ɗaya ce, ba wanda ya gane da ido. Abin da talla ba ta faɗa ba shi ne birki. GTO ta 1964 da ƙananan birkin Tempest ta fito, irin na ganga, waɗanda ke yin zafi su saki in an taka su da ƙarfi sau biyu ko uku a jere.

Kowane kamfani ya kwaikwayi dabarar, wato babban inji a matsakaiciyar mota a farashin da ma'aikacin masana'anta zai iya biya. Pontiac ta ƙara da Firebird a 1967, sai Trans Am a 1969. Amma zamanin bai kai shekara goma ba. Kamfanonin inshora suka lura samari na mutuwa a motocin nan, suka tsawwala kuɗi har ya zama wani saurayin abin da yake biyan inshora ya kusa kai abin da yake biya na bashin motar. Dokar hayaƙi ta zo, a 1971 GM ya rage matsin injunansa duka domin su iya shan fetur marar dalma, ƙarfi ya ragu. GTO da ta sayar da kusan 97,000 ta faɗo zuwa wajen 10,500 a 1971. Takunkumin man da ƙasashen Larabawa suka sa a 1973 ya ƙarasa ta, aka daina yin ta bayan 1974.

Trans Am ce ta riƙe sunan. Baƙar nan mai ƙaton tsuntsu a bonet da Burt Reynolds ya tuƙa a fim ɗin Smokey and the Bandit a 1977 ta sa ciniki ya yi tashin gwauron zabo, har aka sayar da sama da 117,000 a 1979. To amma a duba 'yar rubutun da ke jikin hancin iskan da ya leƙo ta tsakiyar bonet ɗin motocin 1979. In an rubuta T/A 6.6, injin Pontiac ne, 400, ragowar da aka tara a sito, kuma da giyar hannu kaɗai ake samunsa. In an rubuta 6.6 LITRE, injin Oldsmobile ne, 403. Mafi yawansu na biyun ne. A shekarar da Trans Am ta fi kasuwa a tarihinta, yawancin masu ita ba injin Pontiac suke tuƙawa ba.

A 1981 aka daina ƙera injin Pontiac mai silinda takwas baki ɗaya. Ni a nan nake sa ranar mutuwarta.

Kafin lokacin, rassan GM kamar gida ne mai mata biyar, kowace da tukunyarta da hannun girkinta. Bodi na iya yin kama, amma inji da ƙafafu da yadda motar ke tafiya na reshe ne, injiniyoyinsa ne suka yi. Da kuɗin cika dokokin hayaƙi da na tsimin mai suka yi yawa, ga motocin Japan sun matso, sai aka haɗe girkin a tukunya ɗaya, kowace ta zuba a kwanonta. Lissafin ba na wauta ba ne, domin gwada injuna kala biyar masu aiki iri ɗaya a gaban hukuma asara ce. Sai dai abin da aka yi tsimi a kansa shi ne ainihin abin da Pontiac ke sayarwa. A 1983 mujallar Fortune ta jera motocin GM huɗu a bangonta, Chevrolet da Pontiac da Oldsmobile da Buick, launi ɗaya, sai an ƙura ido ake bambance su. A 1984 shugaban kamfanin, Roger Smith, ya narkar da rassan cikin manyan rukunai biyu. Daga nan Pontiac ta koma ofishin zane da talla.

Injiniyoyin da suka rage sun yi yunƙuri. Fiero ta 1984 mota ce mai kujera biyu da inji a bayan direba, irin tsarin motocin tseren Turai. Domin manya su yarda, sai aka gabatar musu da ita a matsayin 'yar motar zuwa aiki mai tsimin mai, aka kuma harhaɗa ta da kayan ƙananan motocin Chevrolet da wani inji mai silinda huɗu marar kuzari. Shekarar farko ta sayar da sama da 130,000. Sai aka fara jin labarin gobara: in baƙin mai ya yi ƙasa, sandar fistin ta karye ta huda gangar inji, mai ya zuba kan salansa mai zafi. Aka yi kiranye, wato aka ce masu motocin su dawo da su a gyara, suna ya ɓaci. A 1988 aka yi mata sababbin ƙafafun da tun farko ya kamata a ce tana da su, aka kuma kashe ta a shekarar. A shekarar dai aka manna sunan LeMans, sunan motar da ta haifi GTO, a kan wata 'yar ƙaramar mota da Daewoo ke ƙerawa a Koriya bisa tsarin Opel Kadett. Wanda ya san Daewoo Racer a titunanmu ya san ta.

Shekarun 1990 an sayar da Grand Am da yawa, mota mai ja da tayoyin gaba da aka lulluɓe gefenta da roba mai gurbi-gurbi don ta yi kama da mai gudu. Sai Aztek a 2001, wadda aka gina a kan ƙashin motar ɗaukar iyali, ta fito da siffar da har yau ake misali da ita wajen muni. An yi hasashen 75,000 a shekara, ba ta taɓa kai 28,000 ba. A 2002 Firebird ma ta tafi.

Bob Lutz, wanda ya shigo GM a 2001, shi ne ya yi ƙoƙarin farfaɗo da ita. GM ba shi da wata mota mai araha mai ja da tayoyin baya a Amurka, amma reshensa na Ostireliya, Holden, yana da su. Aka ɗauko Holden Monaro, aka mai da sitiyari hagu, aka sa mata suna GTO daga 2004 zuwa 2006, da injin Corvette mai ƙarfin doki 350, daga baya 400. Motar kirki ce, ta fi tsohuwar GTO komai, sai dai ba ta da kwarjini, kuma ta zo ne a daidai lokacin da Ford ya fito da Mustang mai kama da ta da. Kusan 40,000 aka sayar cikin shekara uku. Solstice mai buɗaɗɗen sama ta biyo baya, sai G8 a 2008, wadda ita ma Holden Commodore ce. Ta iso galan ɗin fetur na haura dala 4 a Amurka, bankuna na rugujewa. Ihu bayan hari ke nan. A shago ɗaya da G8 kuma ana sayar da G3 da G5 da Torrent, waɗanda Chevrolet ne aka canza wa hanci. Reshen da ya taɓa sayar da kusan 900,000 a shekara ya sauko zuwa wajen 267,000 a 2008.

Me ya sa Pontiac aka zaɓa ba Buick ba, alhali Pontiac ta fi ta ciniki a Amurka nesa ba kusa ba? Gwamnatin Amurka ta zuba kusan dala biliyan 50 a GM, ta karɓi kusan kashi 61 cikin 100 na sabon kamfanin, ta kuma nemi a rage rassa. Shirin da GM ya fara kaiwa a Fabrairu 2009 ya bar Pontiac da 'yan motoci kaɗan, kwamitin Shugaba Obama ya ce shirin bai isa ba. Buick na da babbar kasuwa a Sin. GMC motocin Chevrolet ne na ɗaukar kaya da ake sayarwa da tsada, riba tsantsa. Pontiac kuwa da rangwame take sayar da motocinta, da yawa ga kamfanonin haya, kuma abokin cinikinta shi ne na Chevrolet. Ƙari a kan haka, yawancin dillalanta suna sayar da Buick da GMC a shago ɗaya, don haka rufe ta ba zai rufe shagon ba. Rufe Oldsmobile a 2004 ya ci wa GM wajen dala biliyan 1 na sallamar dillalai, amma shiga kotun fatara ranar 1 ga Yuni 2009 ya sauƙaƙa warware irin waɗannan yarjejeniyoyi. An nema wa Saab da Saturn da Hummer masu saye, Pontiac kuwa ba a sa ta a kasuwa ba, kuma sunan na hannun GM har yau. Dalilin a fili yake: ba ta da inji nata, ba ta da ƙashin mota nata, babu abin da za a miƙa wa mai saye sai tambari. Ta ƙarshe, wata farar G6, ta fito daga masana'antar Orion ta Michigan a Janairu 2010, yarjejeniyar dillalai kuma ta ƙare ranar 31 ga Oktoba na shekarar.

Masu sababbin Pontiac su suka fara ji a jikinsu, domin darajar motocinsu ta faɗi nan take. A ƙarshen 2009 GM ya riƙa ba dillalai dala 7,000 kan kowace ragowar mota don a kwashe su. Garanti dai bai mutu ba, sauran dillalan GM suka ci gaba da gyara. Daga nan kuwa hanya ta rabu, ya danganta da wanda ya ƙera abin da ke ƙarƙashin tambarin.

Tsofaffin, na 1964 zuwa 1979, su suka fi samun gata. Akwai kamfanoni irin Ames Performance a New Hampshire da ba su da sana'a sai sayar da kayansu, tun daga fenda har robar ƙofa, Butler Performance a Tennessee kuma yana haɗa injunan Pontiac sababbi fil. Ƙungiyar Pontiac-Oakland Club International na nan tun 1972. Amma komai ya fi na Chevrolet tsada saboda masu nema kaɗan ne, shi ya sa wasu ke cire injin asali su sa na Chevrolet na zamani, abin da 'yan gani-kashe-nin Pontiac ke ɗauka cin amana. Injin asalin ma yana da nasa rigima. An yi shi ne don fetur mai dalma mai ƙarfi sosai, in aka ba shi na yau sai ya riƙa ƙwanƙwasa, dole a rage masa matsi ko a riƙa gauraya masa man tsere. Sai tsatsa. A jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ruwa kan taru a ƙasan gilashin baya ya ci ƙarfen, ya ɗiga cikin but. Mai wayo kafin ya kalli fenti sai ya ɗaga shimfiɗar but ɗin ya danna ƙasan da yatsa.

Babbar matsalarsu ita ce jabu. Tunda GTO Tempest ce da aka ƙara wa kaya, duk mai LeMans da kuɗin tambari da bonet zai iya wayar gari da GTO. Bambancin kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne, don a Janairu 2023 an sayar da wata GTO Judge ta 1970 mai buɗaɗɗen sama dala miliyan 1.1 a gwanjon Mecum na Florida. Daga 1966 zuwa 1971 lambar shasin GTO ta gaskiya da 242 take farawa. Na 1964 da 1965 kuwa lambar ba ta nuna komai. Abin da ya ceci masu saye shi ne Pontiac ta adana takardun cinikin motocinta ɗaya bayan ɗaya, abin da Chevrolet ta wancan zamani ba ta yi ba. Wani kamfani mai suna PHS ke riƙe da kwafinsu: ka aika lambar shasi da 'yan daloli, a aiko maka da takardar da ta nuna injin da motar ta fito da shi, launinta, da dillalin da aka kai wa. Mai hankali ba ya biyan kuɗin GTO sai ya ga takardar nan.

'Yan Ostireliyan, wato GTO ta 2004 da G8, lamarinsu a juye yake. Inji ba matsala, dangin LS ne, irin na Corvette da Tahoe da Escalade, ko'ina akwai kayansa. Bodi ne abin tsoro. Holden ta daina ƙera mota a Oktoba 2017, a 2020 GM ya sanar da rufe sunan gaba ɗaya, don haka motocin nan sun rasa gida sau biyu. Ɗan karon da zai fasa fitila da bamba ya isa kamfanin inshora ya ce gyaran ya fi motar tsada. Masu GTO kuma sun san halinta: an ɗauke tankin mai an kai shi cikin but don cika dokar Amurka, ya cinye kusan rabin wurin kaya, tayoyin gaba kuma kan goga jikin shakazoba ta ciki in robobin ƙafa sun saki. Wanda ya zauna a Saudiyya ya san 'yan uwansu, domin Commodore ɗin ce aka riƙa sayarwa a can da sunan Chevrolet Lumina. Solstice ma haka take. Giyarta ta motar ɗaukar kaya ta Chevrolet Colorado ce, fitilun ribas na GMC Envoy ne, duk ana samu, amma bonet da fenda nata ne ita kaɗai, masana'antar Wilmington da ke yin ta kuma an rufe ta tun 2009.

Wadda ta fi kowacce sauƙin riƙo ita ce wadda ba ta da komai na Pontiac sai hanci, kuma ita ce ta cika titunan Kano da Kaduna da Abuja: Vibe. A masana'antar NUMMI ta Fremont a jihar Kalifoniya aka yi ta, wadda GM da Toyota suka haɗa gwiwa a kai, yau kuma Tesla ke ciki. Tagwaye suke da Toyota Matrix, su biyun kuma a kan Corolla aka gina su. An ma kai ta Japan an sayar da sunan Toyota Voltz. An fara sayar da ita a 2002, aka daina yin ta a Agusta 2009. Mai Vibe ba ya shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ya ce a ba shi kayan Pontiac. Cewa yake a ba shi na Corolla, bakanike kuma da ya ɗaga bonet ya ga injin da ya saba da shi. Shi ya sa 'yar Beljiyam ɗinta ke da kasuwa: tana da tsayi daga ƙasa daidai gwargwado, kujerun baya na kwanciya shafe, ƙasan but ɗin roba ce mai tauri da za a zuba buhu a share. Inda ake gane ba Toyota ba ce gaba ɗaya shi ne ranar da aka buge ta. Fitilu, bamba, fenda da ƙofar but ba su shiga da na Matrix, sai an samu wata Vibe da aka farfasa.

Akwai ma mai gudu a cikinsu, Vibe GT ta 2003 zuwa 2006, da injin 2ZZ-GE wanda Yamaha ta taya Toyota tsarawa, irin na Celica da Lotus Elise. Ta fara da ƙarfin doki 180, giyar hannu shida kaɗai, kuma ba ta nuna kanta sai allura ta haura 6,000. Ba motar kowa ba ce, tana son fetur mai kyau da baƙin mai a kan kari. A na 2009 da 2010 kuwa, mai lita 2.4 injinta ɗaya da Camry ɗin nan da ake kira Muscle, an kuma san shi da shan baƙin mai saboda ringin fistin. Mai 1.8 ta fi kwanciyar hankali.

Mutuwar suna ba ta ɗauke wa kamfani alhakin motar da ya sayar. A 2014, shekara huɗu da rufewa, GM ya yi kiranyen motoci kusan miliyan 2.6, har da Pontiac G5 da Solstice, saboda wurin sa makulli da kan juya da kansa ya kashe inji ana tafiya, jakar iska kuma ta ƙi tashi. Asusun diyyar da aka kafa ya amince da mutuwar mutum 124. Vibe ba ta cikin wannan, amma tana cikin kiranyen totur mai maƙalewa na Toyota a 2010, tana kuma cikin na jakar iskar Takata, wanda ya fi shafar mu. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa ne da zafi da laima in shekaru suka yi nisa, sai bututun ya tarwatse ya watsa ƙarfe a fuskar mutum maimakon ya kare shi. A Amurka kyauta ake canzawa. Motar da aka yi gwanjonta aka loda a jirgin ruwa kafin a gyara kuwa da abinta ta zo, wasiƙar GM kuma ba za ta iske mai ita a Zariya ko Maraɗi ba. Lambar shasin Vibe harufa da lambobi 17 ce, da 5Y2 take farawa, tana nan a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. In aka sa ta a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurran motoci ta Amurka, NHTSA, zai nuna ko akwai kiranyen da ba a yi ba, kuma ba a biyan ko kwabo.